Me Ya Sa Mutum Yake Tambaya? Mai Bi da Ilimin Falsafa

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:16-34; Kolosiyawa 2:1-10

Yau zan ɗan ajiye koyarwar da muke bi, domin in amsa wata wasiƙa da ta zo mana, gama na san ba mai wasiƙar kaɗai wannan abu yake damu ba.

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto, gwauruwa, 'yar zumuntar mata. Ta ce da kuɗin ƙosai da na ɗan noman da take yi ta kai ɗanta jami'a. Yaron nan a makarantar Lahadi ya tashi, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, bai taɓa ba ta ciwon kai ba. Amma da ya zo hutu, sai ta ga ya sake. Suna cin abinci sai ya ce, "Mama, in Allah mai ƙauna ne, me ya sa ya bar Baba ya mutu muna ƙanana?" Wata rana kuma ya ce, "Ta yaya muka san abin da muke bi gaskiya ne, ba gado kawai muka yi ba?" Da ta bincika, sai ya ce akwai wani darasi da suke ɗauka wai shi falsafa. Ta kai kuka wurin wani dattijon ikkilisiya, shi kuwa ya buɗe mata Kolosiyawa 2:8, ya ce ga shi nan, Littafi Mai Tsarki ya hana, ta sa yaron ya bar darasin tun wuri. To, ga tambayarta: mece ce wannan falsafa? Ta hana shi, ko ta ƙyale shi? Ta ce tun ranar ba ta samun barci.

'Yar'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Bari mu bi maganar a hankali.

Mece ce falsafa?

Kalmar ba asalin Hausa ba ce. Daga Larabci muka aro ta, Larabawa kuma daga Helenawa, wato Girkawa, suka samo. A Helenanci kalmomi biyu ne aka haɗa, ɗaya tana nufin ƙauna, ɗaya tana nufin hikima. Ma'anarta ke nan, ƙaunar hikima. A ƙarni na 9 aka yi ta fassara littattafan Helenawa zuwa Larabci a birnin Bagadaza, da yawa daga cikin masu fassarar kuwa Kirista ne. Shahararre a cikinsu shi ne wani likita, Hunain ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a shekara ta 873. Ta wannan hanya kalmar ta bi har ta iso bakinmu.

To, amma mene ne aikinta? Akwai tambayoyi iri biyu a duniya. In ka ce, "Nawa ne mudun masara yau?" sai ka je kasuwa ka ji. In ka ce, "Me ya kawo wannan zazzaɓi?" sai likita ya ɗibi jini ya duba. Waɗannan suna da inda ake zuwa a samo amsarsu. Amma in ka ce, "Mene ne adalci? Daga ina dukan abin nan ya fito? Mutum jiki ne kaɗai, ko akwai wani abu a cikinsa da kabari ba ya ci? Ta yaya zan san abin da na sani gaskiya ne? Wace irin rayuwa ce ta cancanci a yi ta?" babu kasuwar da ake sayar da amsarsu, babu ma'aunin da zai auna su. Falsafa ita ce mutum ya zauna da irin waɗannan tambayoyi, ya bi su da hankali daki-daki, ya kawo dalili, ya kuma yarda a gwada dalilin nasa a ga ko zai tsaya.

A ƙasar Helenawa akan fara lissafi ne daga wani mutum mai suna Talis, wanda ya yi zamani wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu. Mutumin Militas ne, garin nan da daga baya Manzo Bulus ya yi bankwana da dattawan Afisa a Ayyukan Manzanni sura 20. Talis ya ce asalin kome ruwa ne. Bai yi daidai ba, amma abin da ya sa ake tunawa da shi, bai gamsu da tatsuniyoyin gumaka ba, ya nemi dalili.

Bayansa sai Sokiratis na Atina, ɗan mai sassaƙar dutse, uwarsa ungozoma. Bai rubuta littafi ko ɗaya ba. Yawo yake yi a kasuwa yana tare manyan mutane da tambaya. Ya tambayi jarumi ma'anar jaruntaka, ya tambayi mai ibada ma'anar ibada, kafin a jima sai a ga ashe ba su san abin da suke taƙama da shi ba. Shi kuwa ya ce in ya fi su da wani abu, to, shi ne ya san bai sani ba. Wannan ya jawo masa baƙin jini. A shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu aka kai shi gaban shari'a, wai ba ya girmama allolin gari, yana kuma ɓata matasa. Aka yanke masa hukuncin kisa, ya sha dafi ya mutu yana da shekara kamar 70. Almajirinsa shi ne Filato, wanda malaman Larabci suke kira Aflatun, almajirin Filato kuma shi ne Aristotil. Su biyun duka sun koyar cewa mamaki ne mafarin falsafa.

Kada mu ɗauka sai Helenawa ne suke wannan tunani. Sa'ad da tsohuwa ta ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, ta daɗe tana duban yadda arziki da mulki suke juyawa, sa'an nan ta ƙulle abin da ta gani cikin magana guda. Sa'ad da dattawa suka zauna a wurin makoki, bayan an gama gaisuwa, wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wai shin me muka zo yi duniyan nan?" tambayar masu falsafa ce ya yi, ko bai taɓa shiga aji ba. Bambancin kawai shi ne, a makaranta ana bin tambayar da tsari, ana kuma karanta abin da na dā suka ce.

Me ya sa mutum ba ya iya barin tambaya?

Akuya tana cin ciyawa, ta kwanta ta yi tuƙa, ba ta taɓa tambayar wanda ya shuka ciyawar ba. In aka yanka 'yar'uwarta a gabanta, za ta firgita, amma ba za ta kwana tana tunanin ina rai ya tafi ba. Mutum kuwa ko cikinsa a ƙoshe yake, sai ya yi tambaya. Yaro ɗan shekara huɗu yakan gajiyar da uwarsa da "don me, don me." Wa ya koya masa? Ina ganin akwai dalilai huɗu.

Na fari shi ne mamaki. Ka fita waje da dare lokacin rani, inda babu wutar lantarki, ka ɗaga kai sama. Dawuda ya yi haka, a Zabura ta 8 kuma abin da ya fito daga bakinsa tambaya ce, yana mamakin yadda Mai yin wata da taurari zai kula da ɗan adam. Bulus ya nuna a Romawa 1:19-20 cewa halitta kanta tana ba da shaidar ikon Mahalicci. In haka ne, mutumin da ya dubi duniya ya yi mamaki, ya ji ƙwanƙwasar Allah ce a ƙofarsa, ko bai san wanda yake ƙwanƙwasawa ba tukuna.

Na biyu shi ne wahala da mutuwa. Ina yaro ƙyanda ta ɗauke ƙanwata. Bayan an binne ta, na je wurin wani babba a majami'armu na ce, "Baba, mun yi addu'a, me ya sa ta mutu?" Ya daka mini tsawa, ya ce ba a yi wa Allah tambaya. Na yi shiru, amma tambayar ba ta yi shiru ba. Na ɗauke ta shekaru masu yawa a ɓoye, ina waƙa a gaban jama'a, zuciyata kuwa tana nesa. Sai da na shiga makarantar tauhidi, wani malami ya zaunar da mu a kan littafin Ayuba, na ga ashe littafi guda mai sura 42 Allah ya sa a cikin Maganarsa, cike da irin tambayata. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sura 42 aya 7. Abokan Ayuba uku da suka zo da shiryayyun amsoshi, su ne Allah ya yi fushi da su. Ayuba mai tambaya kuwa, shi Allah ya kira bawansa, ya ce shi ne ya faɗi daidai game da shi.

Na uku shi ne lamiri. Ko a garin da ba a taɓa jin bishara ba, in ka ƙwace abincin maraya, mutane za su ce ka yi zalunci. Ɓarawo ma in aka yi masa sata yakan yi kuka. Daga ina wannan ma'auni ya fito? Romawa 2:14-15 ta nuna akwai shari'ar da aka rubuta a zuciyar kowane mutum. Rabin aikin masu falsafa ƙoƙari ne na karanta wannan rubutu.

Na huɗu, wanda shi ne tushen sauran, Allah ya halicce mu cikin kamanninsa, kamar yadda Farawa 1:27 ta koya mana. Ya ba mu hankali, ya kuma sa mana wata ƙishirwa wadda ruwan duniya ba ya kashewa. Mai Hadishi 3:11 ta nuna Allah ya dasa tunanin dawwama a zuciyar mutum, duk da haka mutum ba ya iya gano aikin Allah daga farko har ƙarshe. Ka ga inda muke ke nan. An ba mu yunwar sani, amma hannunmu bai kai inda abincin yake ba. Daga wannan tazara falsafa take fitowa.

Saboda haka, 'yar'uwa, ba darasin jami'a ne ya sa tambayar nan a zuciyar ɗanki ba. Tun ranar da aka binne mahaifinsa take can. Darasin ya buɗe masa baki ne kawai.

Bulus a cikin masu falsafa

Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, Bulus ya iso Atina, yana jiran Sila da Timoti. Kimanin shekara 450 ke nan da mutuwar Sokiratis, amma garin bai bar halinsa ba. Luka ya ce mutanen wurin ba su da aikin da ya fi ji da faɗin sabon abu. Bulus ya ga gari cike da gumaka, ransa ya ɓaci. Duk da haka bai kulle kansa a ɗaki ba. Ya shiga majami'ar Yahudawa, ya kuma shiga kasuwa kowace rana yana muhawara da duk wanda ya samu.

A nan ya gamu da ƙungiyoyi biyu. Na farko mabiyan Abikuras ne, wanda ya kafa makarantarsa a wani lambu a Atina wajen shekara ta 306 kafin haihuwar Almasihu. Su sun ce alloli suna nan, amma ba ruwansu da mu. In mutum ya mutu, ya watse ke nan, babu hukunci, babu lada. Don haka ka nemi kwanciyar rai, ka guje wa abin da zai dame ka. Na biyu su ne Sitokiya, mabiyan Zeno, waɗanda suka sami sunansu daga wata rumfa a kasuwar Atina inda yake koyarwa. Su kuma sun ce akwai wani hankali na allahntaka da ya ratsa kome, abin da aka ƙaddara ba makawa, sai ka daure, ka riƙe halin kirki, kada ka bar murna ko baƙin ciki su rinjaye ka. Masu sauraro, waɗannan mutane ba su ƙare ba. Duk wanda ya ce, "A ci a sha, in an mutu an huta," ɗan Abikuras ne ko bai taɓa jin sunan ba. Wanda kuma ya haɗiye hawayensa ya ce namiji ba ya kuka, abin da zai faru zai faru, yana kusa da rumfar Zeno.

Suka raina Bulus, suka kira shi da wata kalma da take nufin tsuntsu mai tsince-tsincen hatsi, wato mai tsintar magana nan da can. Amma suka kai shi Tudun Arasa domin su ji shi. Ku lura da yadda ya yi. Bai fara da zagi ba. Ya ce ya zaga gari ya duba wuraren sujadarsu, har ya ga wani bagade da suka keɓe wa wani allah wanda su da kansu suka rubuta cewa ba su san shi ba. Daga nan ya kama. Ya nuna musu Allah shi ya yi duniya, ba ya zama a ɗakin da hannu ya gina, ba ya bukatar kome daga gare mu. Ya ce Allah ya shirya zamanai da iyakokin al'ummai domin su neme shi, ko da lalube ne, gama ba ya nesa da kowa. Har ya ɗauko magana daga mawaƙansu ya kafa hujja da ita. Ɗaya daga cikin mawaƙan, Aratas, mutumin ƙasar Kilikiya ne, ƙasar Bulus kansa. Ashe Bulus ya san abin da suke karantawa.

Amma bai tsaya inda suka tsaya ba. Ya ce yanzu Allah yana umartar kowa ya tuba, gama ya sa ranar shari'a, ya kuma naɗa wanda zai yi shari'ar, tabbacin haka shi ne ya tashe shi daga matattu. Da jin tashin matattu sai taron ya rabu. Waɗansu suka yi ba'a, waɗansu suka ce sai wani jiƙo, waɗansu kuwa suka ba da gaskiya, cikinsu har da Diyonisiyas, ɗan majalisar, da wata mace mai suna Damaris.

A nan muke ganin amfanin falsafa da iyakarta. Ta kai mutanen Atina har gaban bagaden, ta sa sun amsa cewa akwai wanda ba su sani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba ta iya faɗa musu sunansa ba. Makaho mai lalube yakan gane akwai bango, yakan ma sami ƙofa, amma buɗewa sai mai gida. Hankali ba zai taɓa zama ya ƙirƙiro cewa Allah zai zama mutum, ya mutu a kan gicciye domin masu zunubi, ya tashi a rana ta uku ba. Wannan labari ne da sai an zo an faɗa maka. Shi ya sa a 1 Korantiyawa 1:21-24 Bulus ya nuna duniya ba ta kai ga sanin Allah ta wurin hikimarta ba, gicciyen da Helenawa suka ɗauka wauta ne kuwa, shi ne hikimar Allah.

To, Kolosiyawa 2:8 fa?

Dattijon nan bai yi ƙarya ba, ayar tana nan, gargaɗi ne kuma na gaske. A dukan Sabon Alkawari, nan kaɗai kalmar falsafa ta fito. Amma mu karanta surar har ƙarshe. Daga aya 16 zuwa 23 Bulus ya bayyana koyarwar da yake nufi: dokoki a kan ci da sha, kiyaye bukukkuwa da tsayawar wata, yi wa mala'iku sujada, taƙama da wahayi, da azabtar da jiki. Waɗansu ne suka shigo ikkilisiyar Kolosi suna cewa Almasihu bai isa ba, sai an ƙara da asirinsu. Abin da Bulus ya ƙi shi ne kowace koyarwa da za ta kama mai bi kamar ganimar yaƙi, ta ja shi daga Almasihu. Irin wannan tana iya fitowa daga ajin jami'a, gaskiya ne. Tana kuma iya fitowa daga bakin mai wa'azin da yake sayar da mai da ruwa a kwalba. Mutumin da aka hana shi tunani, shi ne ma ya fi saurin faɗawa hannun irin waɗannan.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa yabon jahilci ba. An koya wa Musa dukan hikimar Masarawa. Daniyel ya yi shekara 3 yana koyon harshe da littattafan Babila, bai kuwa ƙazantar da kansa ba. An yabi mutanen Biriya domin suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Ubangijinmu kansa, yana ɗan shekara 12, an same shi a Haikali yana sauraron malamai yana yi musu tambayoyi. Cikin doka mafi girma kuma, ya ce mu ƙaunaci Allah har da dukan hankalinmu.

Akwai dai tambaya iri biyu. Bilatus ya tambayi Yesu mece ce gaskiya, sa'an nan ya juya ya fita, bai jira amsa ba. Toma kuwa ya yi shakka, amma ya zauna tare da 'yan'uwa, bayan mako guda Ubangiji ya zo ya nuna masa hannuwansa. Mai tambaya domin ya sani, Hausawa sun ce ba ya ɓata. Mai tambaya domin ya sami hanyar tserewa, ko an ba shi amsa ba zai karɓa ba.

Mutum biyu da suka bi wannan hanya

Jastin an haife shi wajen shekara ta 100 a ƙasar Samariya, a garin da yanzu ake kira Nablus. Ba Bayahude ba ne, ba kuma Kirista ba. Yana neman sanin Allah, sai ya je wurin wani malamin Sitokiya, malamin ya nuna wannan ba abin damuwa ba ne. Ya je wurin na biyu, shi kuma ya fara da zancen kuɗin makaranta. Na uku ya ce sai ya fara koyon kiɗa da ilimin taurari da lissafi tukuna. Ya sami ɗan sauƙi wurin mabiyan Filato. Wata rana yana tafiya a bakin teku ya gamu da wani tsoho, suka yi doguwar hira, tsohon ya nuna masa annabawa da Almasihun da suka yi shelarsa. Jastin ya ba da gaskiya. Bai tuɓe rigar masu falsafa ba, da ita ya ci gaba da koyarwa a Roma, yana cewa yanzu ne ya sami falsafa ta gaskiya. Wajen shekara ta 165 aka fille masa kai domin ya ƙi yin hadaya ga gumaka.

Na biyun, 'yar'uwa, ki saurara da kyau. Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a shekara ta 354 a Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yanzu. Uwarsa Monika mai bi ce, mijinta ya rasu yaron yana saurayi. Yana karatu a Kartaj, yana da shekara 19, ya karanta wani littafin falsafa na Sisero, zuciyarsa ta kama wuta da neman hikima. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ga kamar bai kai ba, ya ajiye. Ya shiga wata ƙungiyar ɓata, ta mabiyan Mani, ya yi shekara 9 a ciki. Da ya dawo gida da wannan koyarwa, Monika ta hana shi cin abinci a gidanta, daga baya ta sake tunani ta karɓe shi. Ta je wurin wani bishop tana roƙo ya yi gardama da ɗanta. Bishop ɗin ya ƙi, ya ce yaron bai shirya ji ba tukuna, ta ƙyale shi ta yi ta addu'a, da karatunsa zai gano kuskuren. Da ta nace da kuka, ya sallame ta da cewa ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai hallaka ba. Haka kuwa ya zama. Tambayoyin Agustin ne suka fitar da shi daga ƙungiyar, gama malamansu sun kasa amsa masa. A Milan ya saurari wa'azin Bishop Ambros, ya tuba a shekara ta 386, aka yi masa baftisma a Ista ta 387. A cikin shekarar nan Monika ta rasu, bayan idonta ya gani. Agustin ya zama bishop na Hippo har mutuwarsa a 430, har yau kuma ikkilisiya tana cin moriyar koyarwarsa. Shekara 14 uwar nan ta jira.

Abin da za mu yi

'Yar'uwa, shawarata ita ce kada ki hana shi darasin, kada kuma ki rufe masa baki. Yaron da ya kawo tambayarsa gaban uwarsa, har yanzu yana gida. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne wanda ya yi shiru. In ya tambaye ki abin da ya fi ƙarfinki, ki ce, "Ɗana, wannan ban iya amsa shi ba, amma zan faɗa maka yadda Ubangiji ya riƙe ni tun ranar da babanka ya tafi." Wannan shaida babu malamin da zai iya ba shi ita. Ki haɗa shi da fasto ko wani mai bi da ya yi karatu, wanda zai saurare shi ba da tsawa ba. Sa'an nan ki riƙe gwiwarki a ƙasa kamar Monika. Ban yi miki alkawari zai juyo gobe ba, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ku dattawa da fastoci 'yan'uwana, 1 Bitrus 3:15 ta ce mu zauna a shirye mu ba da dalilin begenmu ga mai tambaya, cikin tawali'u da ladabi. Ba za mu iya ba in ba ma karatu. Matashin da muka kora da tsawa, wani zai karɓe shi da murmushi.

Kai kuma ɗana, in kana saurarona, ka yi karatunka da kyau. Amma ka yi adalci. Yadda kake tuhumar bangaskiyar uwarka, haka ka tuhumi littafin da yake hannunka, gama shi ma mutum ne ya rubuta. Ka karanta Ayuba da Mai Hadishi da Bisharar Yahaya daga farko har ƙarshe kafin ka yanke hukunci. Kada ka bar taron masu bi. In da gaske hikima kake ƙauna, Kolosiyawa 2:3 ta faɗi inda aka ɓoye dukan taskarta. Ka kai tambayarka can.

Mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, kai ka ba mu hankali, kai ka sa mana ƙishin saninka. Muna kawo maka wannan uwa da ɗanta, da dukan 'ya'yanmu da suke makarantu. Ka tsare su daga koyarwar da za ta raba su da kai. Ka gafarta mana inda muka kori masu tambaya. Ka ba iyaye haƙuri, ka ba shugabannin ikkilisiya hikima. Waɗanda suke lalube cikin duhu, ka bayyana musu kanka ta wurin Ɗanka. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku.